Igiyar Baba Issufu

A shekarar da ruwan sama ya ci Jidda karo na biyu, lokacin da motoci suka riƙa yawo a titi kamar kwale-kwale, ina cikin shekara ta bakwai da fara gashi a jirgin Rayyis Salim. Da wannan shekarar zan fara, domin ita nake tunawa duk lokacin da ɗayanku ya kira ni kawu da Larabci ya ce, "Ammi Lawal, kai ka huta. Kana shan iskar teku, kana juya tsinke, kuma a biya ka." Ku da aka haifa a nan hoto kuka gani a waya: farin yashi, shuɗin ruwa, ni da mafici ina dariya. To ku zauna ku ji abin da hoton bai ɗauka ba.

Jirgin daga Abhur yake tashi. Tafiyar awa ɗaya da rabi ce zuwa wani tsibiri na yashi zalla, babu itace, babu rijiya, babu baƙala, wato ɗan shago, waya ma ba ta kamawa. Mu ma'aikata muna kiransa Faifai saboda siffarsa. Mutane suna hayar jirgin ranar bikinsu, su yini a can, a dawo da su kafin magariba. Aikina shi ne ciyar da su. Idan suna da yawa, ƙaramin kwale-kwale ne ke kai ni da kaya tun da sassafe, ya sauke ni ya wuce kamun kifi, ni kuma in shirya kafin babban jirgi ya iso. Abin da ka manta a Abhur, ka manta shi ke nan.

Rayyis Salim mutumin Yaman ne, shi ke tuƙi, kuma shi kafilinmu, wato ubangidan da muke aiki a ƙarƙashin sunansa, ya damƙa wa komai. Maganarsa a yini ba ta cika cokali ba. Doka ɗaya gare shi, kowa ya san ta: wanda ya bar masa fasinja da yunwa a Faifai ya sauka ke nan. Kafin zuwanmu an yi wani mai girki da ya manta ashana. Mutum arba'in suka ci burodi da ɗanyen tumatir. Bai sake taka jirgin ba.

Ranar farko da na bi Baba Issufu, mutumin Damagaram da ya koya mini aikin nan, bai bar ni na taɓa nama ba. Ni kuwa na riga na yi shekara huɗu ina tsire a bakin titi a unguwar Bagdadiyya, ina ganin babu abin da za a nuna mini. Muna sauka ya miƙo mini shebur ya ce in haƙa wurin wuta. Na haƙa. Ya tsoma yatsa a baki, ya ɗaga shi sama, ya ce, "Lawali, iska daga ina take?" Na nuna. Ya ce, "Rumfar mutane kuma fa?" Sai na ga hayaƙina cikin rumfar zai shiga kai tsaye. Na rufe, na sake haƙawa. Wannan kuma ya ce ya yi kusa da ruwa, kafin la'asar ruwa zai hau ya kashe wutar. Sai a rami na uku ya gyaɗa kai, ya ce, "Yau ka yi aiki. Je ka wanke tsinke."

A tsibiri yashi ne abokin gaba. Ƙwaya ɗaya tsakanin haƙoran mutum ta ɓata maka tsinke goma. Shi ya sa muke kafa sanduna huɗu, mu jiƙa buhunan algarara da ruwan teku, mu zagaye mangal da su, wato murhun ƙarfen da ake gashi a kai. Gawayi a leda biyu ake ɗaure shi, don danshin gishiri yana ratsa buhu. Ashana wuri uku ake ajiye ta: aljihu, cikin gwangwanin yaji, da wajen Rayyis. Wuƙa da ruwan daɗi ake wanke ta a shafa mata mai, in ba haka ba kwana biyu ta yi tsatsa. Ƙanƙara kuwa da awa ake auna ta. Ka san lokacin da nama zai bar kula ya hau wuta, ka sayi wadda za ta kai ka wannan lokacin da ɗan ƙari, domin kwale-kwale ba ya son nauyi. Ku riƙe maganar ƙanƙarar nan, za mu dawo kanta.

Amma duk wannan a wata uku mutum zai iya. Abin da ke cin shekaru shi ne sanin mutane. Jidda gari ne da kowace al'umma ke da ranarta, kuma kowa a ranarsa abincin gidansu yake so, ba naka ba.

Na tuna karon farko da na gasa wa 'yan Filifin a bikinsu na ƙarshen shekara. Sun kawo kaji da suka jiƙa a ruwan khal mai tsami da sukari da wani baƙin romo. Na ɗora su a kan wuta mai ƙarfi kamar yadda nake yi wa tsire. Kafin in juya, waje ya ƙone ƙurmus, ciki jini. Baba ya janye gawayin gefe guda ya ce, "Duk abin da ke da sukari, wutar tsohuwa yake so." Su kuwa ba su damu ba, suna ta waƙa da lasifika har Rayyis ya toshe kunne da auduga. 'Yan Indunusiya suna zuwa cikin tsananin zafi, ranar 'yancin ƙasarsu, da 'yan ƙananan tsinkensu da miyar gyaɗa. Duk shekara sai sun yi gardama da Baba a kan ko nasu ne uban tsire ko namu, duk shekara kuma sai su tafi da gwangwanin yajinsa. Sudaniyawa ba sa son mangal ma. Duwatsu suke so a jera a kan garwashi, a shimfiɗa nama a kan dutsen, kuma da yake Faifai ba shi da ko tsakuwa, ni ke ɗaukar buhun duwatsu daga Abhur a kafaɗa. Misirawa suna da wani biki bayan sanyi ya wuce da suke cin ruɓaɓɓen kifi mai gishiri. Shi wannan ba a gasa shi, aikinka kawai ka nema masa wuri a can wutsiyar jirgi, ka kuma yi haƙuri. Sallah ƙarama da babba kuwa na iyalan gari ne, rumfa biyu da labule a tsakani, kifi da shinkafa, shayi ba ya sauka daga wuta.

Sai mutanen Kerala, daga Indiya, ma'aikatan jinya da injiniyoyi. A sauran ranaku suna cin nama, wasunsu har sun fi mu. Amma suna da wani bikin girbi da suke kira Onam, kuma a wannan rana wannan ƙungiyar ba ta taɓa nama ko kifi. A ganyen ayaba suke ci, a zaune a layi, shinkafa a tsakiya, 'yan miya kala-kala a zagaye. Su ke kawo ganyen da 'yan abubuwan marmari. Mu ke kawo shinkafa, wake, kabewa, kwakwa, gauta da sauran kayan lambu, da tukwane. Matansu ke girki, mu kuma mu riƙe musu wuta. Shekara uku na yi wannan tare da Baba, sannan azumi ya zo ya rufe bikin nasu, jirgi kuma ba ya fita da rana a azumi. Shekara uku ba mu gan su ba.

Yanzu ku tambaye ni yadda mutum ke riƙe duk waɗannan ranaku a ka. Ni da Baba a lokacin babu mai karatun boko ko na Larabcin jarida a cikinmu. Kalanda a bango a wurinmu ado ce. Abin da Baba ke da shi igiya ce, doguwa kamu huɗu, rataye a ƙusa a ɗakin ajiyarmu. Tana da manyan ƙulli goma sha biyu, watanni ke nan daga Muharram zuwa watan babbar Sallah. Tsakaninsu ƙananan ƙulli, kowane ɗaya Alhamis, don a lokacin hutun mako Alhamis da Juma'a ne. Sallolinmu ƙulli ne a jikin igiyar kanta. Bukukuwan sauran mutane kuwa ƙyallaye ne ya ɗaɗɗaura: ja na 'yan Filifin, ja da fari na Indunusiya, baƙi na Sudan, ruwan zinariya na Kerala, kore da fari namu na Najeriya.

Rayyis zai leƙo ya ce, "Alhamis. Arba'in." Baba zai juya wajen ƙusa. Zai shafa igiya ya ce mini, "Je ka nemo duwatsu." Ranar Alhamis kuwa sai ga Sudaniyawa. Shekara biyar ban taɓa ganin ya tambayi Rayyis su wa ke zuwa ba, ban kuma taɓa ganin ya kuskure ba. Na sa a raina cewa gwani shi ne wanda ba ya tambaya.

Ruwan farko, wanda ya sauka ana shirin hawan Arfa, shi ya raba mu. Ɗakin Baba a kudancin gari yake, ruwa ya cika shi har taga. Ya tsira da kayan jikinsa, ya ce gwiwoyinsa ma sun daɗe suna kiran gida. Bayan Hajji da 'yan kwanaki ya tafi. A bakin mota ya ɗora mini igiyar a hannu ya ce, "Ka kula da ita, tana son hannu." Na ce in sha Allahu. Duk ranar cika-ciki nakan gan shi ya sauke ta ya zauna da bokiti a gefe, ni kuma ina can ina fama da kwano. Don haka da ranar ta zo na wanke ta tas da sabulu, na shanya, na mayar da kowane ƙyalle daidai inda na same shi.

Shekarar farko da na riƙe aikin ni kaɗai, Rayyis bai yarda da ni ba tukuna, shi ke faɗa mini sunan masu zuwa. Na lura kowa yana makara. Sudaniyawa suka wuce ƙyallensu da mako guda da wani abu, na ce tun ruwan nan komai na gari ya koma baya. 'Yan Najeriya suka makara da mako guda, na ce ai mutanenmu ne, yaushe suka taɓa zuwa a kan lokaci? Sallah biyu kuwa suka faɗo daidai kan ƙullinsu. Na ƙara yarda da igiya.

Sai ruwa na biyu. Injin jirginmu yana wajen gyara a unguwar masana'antu ta Jidda, ruwa ya shiga shagon ya lalata shi. Wata shida jirgi a ɗaure, na koma tsiren bakin titi. Ana gama gyara azumi ya kama. Muka yi aikin ƙaramar Sallah lafiya, kwana uku a jere, har Rayyis ya ce mini "Kwayyis," wato da kyau, abin da ban taɓa ji daga bakinsa ba.

Ranar Litinin ya same ni ina goge mangal.

"Ya Lawal. Alhamis. Sittin. Tsofaffin mutanenmu, masu bikin shekara." Ya ɗan tsaya. "Ka gane su?"

Na ɗaga ido na dubi ƙusa. Alhamis ta biyu bayan ƙaramar Sallah, ga ƙyalle kore da fari yana lilo.

"Ya Rayyis, ni za ka tambaya?"

"Halas," in ji shi, ya wuce.

Ban taɓa yin sayayya da farin ciki irin na wannan makon ba. Likitocinmu da injiniyoyinmu, Hausawa da Yarbawa da Ibo, na san bakin kowa. Na sayi cinyar sa biyu, kaji ashirin, kayan ciki na farfesu. Na bi shagunan 'yan Afirka na samo doya manya guda goma da agada, babbar ayabar nan da ake gasawa, nono biyu. Buhun shinkafa na dafa-duka, kwandon tumatir, attaruhu, albasa, kabeji da kokwamba na gefen tsire. Na daka sabon yaji, ƙuli-ƙuli ya ji citta da masoro. Ranar Laraba na yini ina yanka ina tsirewa. Ƙanƙara na saya ta zuwa azahar, don na san mutanenmu, kafin su sauke jaka za su ce ina naman. Ranar Alhamis na sa farar riga da koriyar hula, har na ɗaura ɗan tuta a sandar mangal.

Ƙarfe goma na hango jirgi. Na ɗora tsinke ashirin a wuta don ƙamshi ya tarye su. Na tsaya a bakin ruwa ina ɗaga mafici, ina jiran in ji wani ya kwaɗa mini gaisuwar Turancin gida, "Malam, hau fa!"

Ganyen ayaba na fara gani, ɗauri guda a kan wani mutum. Bayansa mata cikin fararen zannuwa masu bakin zinariya, da kwandunan furanni. Maficin ya sauka da kansa.

Shugabarsu Sista Lila ce, babbar ma'aikaciyar jinya, gajeriya, mai muryar da ke sa likita ya gyara tsayuwa. Ta gane ni tun zamanin Baba. Da Larabcin kasuwa muke magana, nata karyayye, nawa karyayye.

"Mu'allim Lawal! Shekara uku! Ina Baba?"

"Ya tafi gida, Sista."

"Allah ya ba shi lafiya. Yalla, nuna mini kwakwa, mata su fara kankarewa."

Ta shaƙi iska. Ta dubi mangal, ta dubi tuta, ta dubi hulata. Ta je ta buɗe kula ta farko, ta rufe. Ta buɗe ta biyu, ta rufe. A ta uku ta daɗe tana kallon kayan ciki.

"Mu'allim, wa ya haihu?"

Rayyis ya sauko daga jirgi, abin da ba ya yi. Ya zo ya tsaya kusa da ni, yana kallon teku, ba ya kallona.

"Na tambaye ka."

"Ka tambaye ni, ya Rayyis."

"Zuwa da dawowa awa uku. Mai ba zai kai sawu biyu ba." Ya dubi agogo. "Akwai yara goma sha ɗaya a cikinsu. Ka san doka."

Na san ta. Iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, a kan jirgin nan take. Na tsaya da mafici a hannu, ga nama na mutum sittin, ga mutum sittin, kuma babu abin da ya haɗa su.

Sista Lila ba ta tsaya jiran mu gama ba. Ta riga ta shiga kwance buhuna. Can na ji ta yi ƙara da yarensu, mata suka ruga. Na ɗauka kunama ce. Ashe doya ta gani. Ta ɗaga guda sama kamar jariri.

"Wannan daga ina?"

"Abincin ƙasarmu ne, Sista."

"Ƙarya kake, abincin ƙasarmu ne!" Ta ga agada, ta dafa ƙirji. "Da wannan ma? Mu'allim, kai mahaukaci ne, amma Allah yana sonka. Sauke naman nan daga wuta. Babu abin da zai hau ta sai tukunya, har a naɗe ganye."

Daga wannan lokaci na koma ɗan koyo. Na wanke wuƙaƙe da katako sau uku a gabanta, da toka da ruwan zafi. Na cire ragar mangal, na jera tukwane biyu da nake da su, na haƙa wani rami na ɗora faranti a kan sandunan ƙarfe. Wata ta ce in fere doya, wata ta ce ba haka ake ferewa ba, ta ƙwace. Babu kwakwa. Sista ta lakaci yajina ta ɗanɗana, ta yi tari, hawaye ya zubo, sannan ta ce, "Gyaɗa ce a ciki? Akwai wadda ba ka zuba wa wuta ba?" Ina da ragowar garin ƙuli a leda, shi ya tsaya a madadin kwakwa. Suna buƙatar nono mai tsami. Kowa ya san Rayyis yana da robar laban a kularsa da ba ya bari a taɓa. Sista ta je ta tsaya a gabansa ta miƙa hannu. Ya ba ta.

Tsinke ashirin ɗin nan da na sauke, na kai su bayan jirgi na rufe da faranti. Da na koma ɗebo ruwa, na tarar da samari huɗu na Kerala a tsugune cikin ruwa zuwa gwiwa, bakinsu jawur da yaji. Ɗaya ya ɗora yatsa a leɓe ya ce, "Sadik, Sista mafi ma'alum." Wato kada Sista ta sani. Na ce ni ban ga kowa ba.

Da azahar ya kamata su ci. Azahar ta yi shinkafa ba ta nuna ba, domin gawayin gashi na kawo, ba na dafa buhun shinkafa a iskar teku ba. Yara suka fara kuka. Aka raba musu soyayyar ayabar da aka zo da ita. Maza suka fito da igiyar jirgi suka fara wasan ja-in-ja don a manta da ciki, matan da ba sa girki suka zana wani babban fure a kan yashi da furanninsu. Rayyis yana zaune a inuwar jirgi, duk minti goma sai ya dubi agogo, sannan ya dube ni. Na zuba gawayi na ƙarshe, na karya akwatin tumatir na ƙara, na karya sandar tuta ma na ƙara.

Wajen biyu da rabi aka shimfiɗa ganye. Ni na bi layi da bokitin shinkafa. A kan kowane ganye akwai doya da aka dafa da barkono, agada cikin laban, kabeji soyayye da garin ƙuli, romon tumatir da masoro, kokwamba, da nasu abubuwan da suka kawo, har da wani kunu mai zaƙi. A gefen garwashi na gasa doya biyu da suka rage irin namu, na yayyanka na ɗiga mai da gishiri. Wani tsoho ya ci, ya kira ni da hannu, ya nuna ganyensa, na ƙara masa. Ya sake nunawa. Sista ta ce, "Ya ce shekara mai zuwa ka kawo wannan, ka bar saniya a gida." Suka sa ni na zauna a ƙarshen layi, aka shimfiɗa mini nawa ganyen. Bayan an ci suka ja ni wasan igiya, ɓangaren ma'aikatan jinya. Injiniyoyi suka ja mu har cikin ruwa, hulata ta bi teku.

Sai da aka naɗe ganye na buɗe kula. Ƙanƙara ta zama ruwan ɗumi tun azahar. Zafin bayan azumin wannan shekarar kuwa kun san shi. Ko da naman yana da rai, babu gawayi ko ƙwaya. Na rufe.

A hanyar dawowa Sista ta hau wajen tuƙi ta yi ta magana da Rayyis, tana nuna ni. Shi ya ci gaba da tuƙinsa. Sai da kowa ya sauka a Abhur ya kira ni.

"Sun ƙoshi," in ji shi. "Amma sun jira. Yara sun yi kuka. Alhamis uku kada in gan ka. Ta huɗu ka zo da wuri."

Washegari bayan Juma'a na kira Damagaram. Na ba Baba labari tun daga farko. Ya yi dariya har na ji matarsa tana tambaya ko lafiya.

"Lawali, ka matsar da ƙyallayen kuwa?"

"Wane matsarwa, Baba?"

"Innalillahi. Sallarmu wata take bi. Su kuwa kalandar rana suke bi, shekararsu ta fi tamu da kwana goma sha ɗaya. Duk cika-ciki nake kwance ƙyallaye in tura su gaba, wata shekara ƙulli ɗaya, wata biyu. Don me kake tsammani nasu ƙyalle ne, namu ƙulli?"

"Na ɗauka wanke ta kake yi."

"Shekara biyar kana gefena! Da kwanon ka ajiye ka kalli hannuna."

"To amma Baba, kai ko sau ɗaya ba ka taɓa tambayar kowa ba."

"Wa ya faɗa maka? Bayamanen nan mai baƙala a bakin tasha, duk wata sai na sayi sukari a wurinsa ya duba mini takarda. Mutanen Kerala ma nasu lissafin daban ne, sai an tambaye su da baki. A gabanka ne kawai ba na tambaya. Kai ma in ka samu mai koyo, ka tambaya a ɓoye."

Da na koma aiki na tarar Sista ta aiko mini da kalanda, ta zagaye ranar bikinsu na baɗi da jan biro. Na rataye ta kusa da igiya, ina ganin da'irar, ban san wane wata ba ne. Ita ce ta yi ta kallona daga bango har na shiga ajin yamma na manya, inda na koyi abin da nake rubuta muku wannan da shi. Yau ina karanta kalanda biyu, ta wata da ta rana. Igiyar tana nan, duk cika-ciki ina tura ƙyallayenta kafin in taɓa kwano. Kuma duk wanda ya ce mini "Sittin," sai na ce, "Su wa?" a gaban kowa. Mutanen Kerala har yanzu suna zuwa, gasasshiyar doya kuma ta samu wuri a ganyensu.

Ga abin da ya tafi a wannan rana, don mai son aikin ya sani. Cinyar sa biyu, ban da tsinke ashirin. Kaji ashirin. Kayan ciki kula guda, da ita kular, don warin bai fita ba. Yajin da na yini biyu ina dakawa. Robar laban ta Rayyis, wadda har yau yana ambatonta. Sandar tuta. Koriyar hula. Da Alhamis uku. Ta ukun ita ce ranar 'yan Najeriya ta gaskiya. Wani Bamisire aka ɗauko ya gasa musu, kuma an ce ko barkono bai sa ba.